Wakiliyar Ƙasar Da Ba Ta Da Teku

Na ɗaure kwalekwalena a Caleta Portales,
na wanke hannu sau uku da lemon tsami,
ƙarnin kifi ya ce ƙafarsa ƙafata.
Muka hau tudun Valparaíso, ni da shi,
zuwa zauren makarantar da aka ce
duniya za ta zauna da ƙarfe tara.

Duniyar kuwa ba ta wuce ƙirjina ba.
Ga Kanada a durƙushe tana ɗaure igiyar takalmi.
Indiya na wasa da haƙorinta mai girgiɗi.
Brazil ya ari kwat ɗin wansa,
hannun rigar ya haɗiye yatsunsa.

Rayén tawa, shekara goma sha ɗaya,
da ta iya ɗaurin ƙugiya kafin ta iya ɗaure gashinta,
ƙuri'a ta ba ta Mongoliya,
ƙasar da ko gaɓa ba ta da ita.
Batun zaman kuma:
manyan jiragen da ke kwashe kifin teku.

Daren da ta ji, sai da ta jiƙa matashi.
Ta ce, Baba, me zan faɗa?
Malama Ximena ta hana ni cewa mu masunta.
Na ce ban sani ba, 'yata,
ni taswirata ta ƙare inda ruwa ya sauya launi.
Mako uku tana karatun dawaki da ciyawa
da sanyin da ke kashe garke a tsaye,
tana yi wa kyanwa jawabi a tagar kicin.

Shugaban zama ya buga 'yar guduma,
shi ma muryarsa ba ta gama fashewa ba.
Kowa daƙiƙa sittin.
Japan ta zubo lissafi har numfashi ya gaza mata.
Norway ya bar shafi na biyu a mota,
ya tsaya yana kallon silin.
Takardu na rarrafe a ƙarƙashin tebur,
ɗaya ta faɗo gefen takalmina:
in ka sa mana hannu, rabin burodina naka ne.
Na ce a raina, ashe haka ake yi.

Sai Mongoliya ta ɗaga kwalinta.
Ta ce, ranka ya daɗe, ban taɓa ganin teku ba.
Ita!
Ita da gishiri bai taɓa barin gashinta ba.
Ta ce, amma a ƙasarmu mun san fili,
mun san in babban garke ya ci ciyawa har saiwa
mai akuya biyar ne ke fara kwana da yunwa.
Ku tambaye shi kafin ku raba abin da ya saura.
Ta zauna da sauran daƙiƙa goma sha biyu.
Ba ta waiwayo ni ba.
Gara da ba ta waiwayo ba.

Ƙudurinsu ya faɗi da ƙuri'a ɗaya,
Fotugal ta fita banɗaki ana tsaka da ƙirga.
Kofi ya tafi gidan Japan.
Mu takarda muka samu,
an rubuta Huenchul babu harafin farko.

A hanyar saukowa ta cire takalman aro,
ta riƙe su a hannu kamar kifi biyu.
Ta ce, Baba, can yanzu tsakar dare ne,
ko ya rufe awakinsa?
Na ce wa?
Ta dube ni kamar na ɗaga hannu a inda bai dace ba.

Da asuba na ja koma, ta zo sakayau.
Can nesa fitilun manyan jiragen suna kiwo.
Na zube abin da na samu a ƙasan kwalekwale,
na ƙirga da yatsa.
Ɗaya, biyu, uku,
huɗu,
biyar.